Rijiyar Bayan Ɗakin Kaji

Abin ya fara ne da shirun kaji. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san kaji ba sa shiru idan rana ta yi ja, ana ture-ture a bakin mazubin ruwa, ana faɗa a kan wurin kwana. Amma a yammacin nan, daga inda Mai Kaji take kwance da ɗori a ƙafa, sai ta ji tsit, kamar an share ɗakin kajin an kulle. Ta kasa kunne. Can sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali har ƙasa. Aka jima, wani ya biyo bayansa.

Mai Kaji, haka kowa ke kiranta a unguwar, har ana tsokanarta cewa ta fi sanin tarin kaza da na mijinta. Ba ta musawa. Da 'yan tsaki kaɗan ta fara a cikin kwali, har ta kai ga gina dogon ɗaki a ƙarshen fili, cike da kaji masu ƙwai. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta wasa da su. Ruwa kafin abinci, domin kazar da ba ta sha ba ba ta ci, wadda ba ta ci ba kuwa ba ta ƙwai. Ba a ƙara sabon ruwa a kan tsohon. Safe da yamma sai an wanke mazubai da magani har santsin ya fita, sannan a ɗauki ruwan wankin nan, mai kashi da wari, a kai shi ramin da ta sa aka haƙa can nesa, a bakin shinge.

Da ta zame a bakin famfo ƙafarta ta karye, ba zafin ƙashin ne ya sa ta kuka ba, tunanin kajin ne. Maigidanta, wanda tela ne, ya zauna a bakin gado ya ce ta kwantar da hankalinta, shi zai riƙe komai. Ya kuwa riƙe, a ganinta. Kullum da yamma yakan rufe shago da wuri, ta ji ƙarar bokiti ta wuce ta ƙarƙashin tagarta, 'yarsu tilo tana biye da shi da fitila. Yarinyar ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, kuma saboda yadda take manne da uban, 'Yar Baba ake ce mata. Sai duhu ya rufa suke dawowa tare, shi yana dafa ƙugu yana cewa aikin kaji ba na rago ba ne. Mai Kaji ba ta bar mai zuwa dubiya ba sai ta ba shi labari. Ta ce miji irin nata sai an tona.

To, jifan bai tsaya a rana ɗaya ba. Kullum da zarar magariba ta kawo jiki sai kajin su yi shiru, duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Kwandon ƙwai kuma ya riƙa dawowa da sauƙin ɗauka. Ta tambayi maigidan, ya ce zafi ne, jifan kuwa yaran maƙwabta ne, zai yi maganinsu. 'Yar Baba ta daina cin abinci sosai, ta daina surutun nan nata da ke cika gida. Idan uwar ta tambaye ta, sai ta dubi ƙofa ta ce ba komai.

Wata safiya bayan ya fita shago, Mai Kaji ta dogara sanda ta ja ƙafa har ɗakin kajin. Mazuban ruwa a bushe ƙaƙas, kamar ba su taɓa ganin ruwa ba, alhali ba su fashe ba. Mazuban abinci kuwa cike suke fal da tsakuwa, an shirya ta tsaf. Kajin sun taru a lungu guda, baki buɗe, fukafukai a sake. Ta ba su ruwa da hannunta tana hawaye, sannan ta nufi katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. Matar da suka shekara da shekaru suna aron gishiri da allura, ita ta wanke tas, ta ce 'ya'yanta ne ke wannan ɓarnar, hassada ce. Maƙwabciyar ta juya ta koma ɗaki.

A yammacin ranar ne aka ji ƙarar. Ba irin ta yaro ba ce, wata doguwar ƙara ce mai kauri da ta fito daga bayan ɗakin kajin. Kafin Mai Kaji ta kai ƙofa, maƙwabciyar da ta zaga da safe ta riga ta shigo, ta ɗauko 'Yar Baba a kafaɗa, jikinta a sandare, idanu a kafe. Sai bayan an kwantar da ita maigidan ya shigo yana haki. Ya ce ya zaga ne kawai ya ɗebo ruwa. Mai Kaji ta yarda, don ba ta ga dalilin ƙin yarda ba.

Kwanaki yarinyar ba ta magana. Idan aka kawo mata ruwa sai ta shinshina ta ture, ta ce da wata murya ta tsohuwa, yana wari. Da magariba sai ta tashi zaune ta zuba wa uban ido, shi kuma sai ya tuna da wani ɗinki da ya bari a shago. An kai ta asibiti, an auna, ba a ga komai ba. Maƙwabciyar ce dai ta sake rufa asiri, ta je ta kawo wani malami da ya san aikin ruƙiyya, dattijo siriri mara yawan magana.

Malam ya iso rana na shirin faɗuwa. Bai fara da yarinyar ba, sai da ya zaga filin. A bayan ɗakin kajin akwai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun kafin su sayi wurin, an rufe ta da gutsuren kwano. Ya tsaya a kanta ya daɗe. Sannan ya dawo, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce kowa ya zauna, har maigidan da ya riga ya sa takalmi. Ya fara karatu a hankali. Kajin suka yi shiru. Iska ta tsaya. Ba a daɗe ba 'Yar Baba ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafafu kamar tsohuwa, ta yi wata dariya mara daɗi.

Malam ya tambaya ko wa ke magana, kuma me yarinya ta yi.

"Ni ce mai rijiya," in ji muryar. "Ina can tun ba a haifi kakanninku ba. Matar nan ta yi shekaru tana kiwonta, ban taɓa ta ba, don ruwan ƙazantarta nesa take kai shi. Sai da ta kwanta aka fara sheƙa min kashin kaji da magani a kan 'ya'yana. Ƙaramin har yanzu ba ya gani."

Malam ya ce idan haka ne an yi mata ba daidai ba, amma yarinya ba ta san da ita ba, kuma zalunci ne a kama wanda bai sani ba.

"Wanda ya sani yana nan zaune." Hannun yarinyar ya ɗaga, ya nuna uban. "Shi ya fara, ramin ya yi masa nisa. Na kira shi na ce ya bari. Ya yar da bokiti ya gudu. Na ce to, ya ji. Washegari sai ga wannan 'yar ita kaɗai da fitila. Ya miƙa mata bokiti a bakin ɗakin kaji, ya ce ta wanke, ta zuba a rijiya, kada ta gaya wa uwarta. Shi kuma ya fice ta ƙofar baya wajen abokan hirarsa, sai ta gama yake dawowa ya same ta. Kullum haka. Na shanye ruwan kajin, na yi jifa, ko wani babba zai zo. Ba wanda ya zo sai ita."

Mai Kaji ta juya ta dubi mijinta. So take ya tashi ya ce ƙarya ne, aljani ai maƙaryaci ne, kowa ya sani. Da ya faɗi haka da ta yarda, har ranta. Amma ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ta tuna yadda take yabonsa a gaban mutane, ta tuna abin da ta gaya wa maƙwabciyarta a bakin katanga, kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ta.

Aka shiga ciniki. Mai rijiya ta ce a yanka mata kajin duka a bakin rijiyar. Malam ya ce ko gashin kaza ba za ta samu ba, ba a yanka don wanin Allah, ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya riƙa karkarwa. Mai rijiya ta ce to a ba ta uban a madadin 'yar. A nan Mai Kaji ta ji tsoron kanta, domin ba ta ji zuciyarta ta yi saurin cewa a'a ba. Malam ya ce wannan ma babu. Abin da za a yi shi ne a kwashe ƙazantar, a rufe bakin rijiya da siminti, ba mai sake zuba ko ɗigo, ita kuma ta fita ta bar yarinya har abada. Mai rijiya ta ce ta yarda, amma ba da bakin namijin ba, matar ce za ta yi alkawari. Mai Kaji ta yi alkawarin. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a cinyar uwar. Can ƙarshen fili wata kaza ta yi kuka, sauran suka amsa.

Bayan an raka Malam, maƙwabciyar ta tafi ba tare da ta jira ban haƙuri ba. Maigidan ya matso ya durƙusa kusa da matarsa. Ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ce muryar ta firgita shi ne ƙwarai, ya kuma ji kunyar ya dawo ya ce mata ya kasa. Ya ce ya ɗauka aljanu ba za su taɓa ƙaramar yarinya ba.

"Ka ji tsoro," in ji Mai Kaji a hankali. "Kai da gemunka ka ji tsoro. Sai ka ba ta fitila ka tura ta."

A daidai nan 'Yar Baba ta buɗe ido, idanunta na gaskiya, ta nemi ruwa. Uwar ta ba ta, ta sha har ta ƙoshi. Sannan ta waiga ta ga uban a durƙushe, fuskarsa a jiƙe, ta ga yadda uwar ta juya masa baya. Tsoro ya kama ta. Ta miƙa siririn hannunta ta kama bakin rigarsa.

"Baba, wallahi ban faɗa ba," ta ce. "Ban gaya wa Umma komai ba."

Mai Kaji ta cire hannun daga rigar, yatsa bayan yatsa, ta riƙe shi a nata. Ta ɗauki 'yarta duk da ɗorin da ke ƙafarta, ta shiga ɗaki ta sa sakata.