Zaren Ulu a Fiffiken Mota

Ƙafafunsa ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin motar tseren da ɗalibai ke ƙerawa a garejin jami'a. Ta yi tuntuɓe da su, saura kaɗan kwamfutarta ta sha ƙasa.

"Malam, ka kwashe waɗannan sandunan naka daga hanya."

Ya sulalo waje, fuska duk baƙin mai. Ya dube ta, ya manta da sufana a hannunsa.

"Yi haƙuri. Ni ne direban ƙungiya. Dogo ake ce mini."

"Ai na gani. Ninke ka ake yi kafin a sa ka a motar?"

Ita ce sabuwar mai zana fiffiken baya, wanda iska ke dannawa ƙasa don kada taya ta saki titi a kwana. 'Yan gareji suka laƙaba mata Lissafi. Kafin zangon karatu ya ƙare, kowa ya san inda zuciyar Dogo ta faka.

Babanta dai bai yarda ba. Tsohon direban motar asibiti ne, ya ga abin da gudu ke yi wa mutane.

"Da hannuna na sha kwasar irinsa a titi," in ji shi. "Ba zan ba da 'yata ga yaron da bai san darajar wuyansa ba. Magana ta ƙare."

Ana cikin haka rigima ta tashi a gareji kan manhajar da za a zaɓa, wadda ke nuna yadda iska za ta bi jikin mota tun kafin a ƙera ta. Kyaftin, shugaban ƙungiya, wanda shi ma ya daɗe yana zagayen Lissafi, ya kawo mai tsada da wani kamfani ya ba su kyauta. Ka danna nan, ka danna can, ta fito da hoto ja da shuɗi gwanin sha'awa. Ta Lissafi kuwa ba kyan gani, sai ka rubuta mata komai da hannu, ga nawa. Matsalar ita ce amsoshinsu sun saɓa. Ta Kyaftin ta ce a ƙara miƙar da fiffiken, ta Lissafi ta ce in aka yi haka iska za ta sake shi.

Aka ce a ɗaga hannu. Gareji ya rabu biyu daidai, saura Dogo. Ya zura hannayensa a aljihu.

Kyaftin ya yi dariya. "Ranki ya daɗe, ko mutuminki bai yarda da ke ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Da yamma saƙonta ya shigo wayar Dogo:

"A gida ina faɗa da Baba saboda kai, a gareji ka bar ni ni kaɗai. Na gode."

Ya mayar:

"Hasken idona, da zuciyata ce za ta zauna a motar, da na ɗaga hannu biyu. Amma wuyana ne. Ban san wadda ta faɗi gaskiya ba, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki yi murmushi ba. Mu tambayi iskar da kanta."

Ba ta amsa ba, amma ta nuna wa Mama saƙon tana hawaye. Mama ta karanta, ta miƙa wa Baba wayar.

Ranar gwaji aka ƙera fiffike biyu, aka manna musu guntayen zaren ulu da salatef, aka ɗaura waya a bayan motar tana ɗaukar bidiyo. In zare ya kwanta, iska na riƙe da fiffike. In ya yi rawa, ta sake shi. Can bakin fili wani dattijo ya tsaya da hannu a baya. Dogo bai lura da shi ba.

Da na Kyaftin aka fara. Dogo ya zagaya a hankali, ya ɗan ƙara wuta, sai ya taka birki ya fito.

"Bayan motar na wasa. Ba zan shiga kwana da wannan ba."

"Tsoro kake ji!" in ji Kyaftin.

"Ƙwarai kuwa. Akwai wadda nake so in koma wa."

Aka duba wayar. Zare sai tsalle yake kamar an watsa masa ruwan zafi. Aka ɗaura na Lissafi, zare ya kwanta lumui, mota ta sha kwana kamar an liƙa ta da titi. Fili ya kaure da ihu. Kyaftin ya sosa ƙeya ya ce, "To, a koya mini mummunar manhajar."

Lissafi ta rugo, ta tsaya a gabansa tana haki.

"Dogona, na yi fushi a banza."

"Fushin ma ya yi miki kyau, Gimbiya."

Gyaran murya suka ji a bayansu. Baba ne. Dogo ya cire hular kwano ya durƙusa.

"Ashe ka iya tsayawa," in ji Baba. "Waɗanda na kwasa, ba wanda ya iya. Ka turo manyanka."

A gasar jami'o'i motarsu ce ta zo ta ɗaya, kuma muryar Baba ta fi ta kowa tashi a wurin 'yan kallo. Bayan jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure. Baba ya kama hannun ango ya riƙe gam.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Kullum ka dawo mata gida lafiya. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," in ji su, baki ɗaya.