Ƙafar Yaya Ba Ta Taɓa Shi Ba

"Wannan ne? Wannan ne kike so in ba wa ƙanwata?"

Yaya bai ko ajiye injin aski ba. Da haɓa ya nuna saurayin da ke tsaye a bakin shago, hularsa a hannu.

Auta ta haɗiye ɓacin ranta. Tun da mahaifinsu ya rasu maganar aurenta ke hannun Yaya, shi kuwa sau uku yana cewa a'a ba tare da ya ga mutumin ba. Yau ta jawo shi har shagon, a yi ta ta ƙare.

"Yaya, gaishe ka ya zo yi..."

"Na san shi ai! Sha-Duka! Duk fim ɗin da ya fito, mari ɗaya ake yi masa ya baje. Namiji har namiji, sana'arsa faɗuwa!"

Masu jiran aski suka kwashe da dariya. Gaskiya ne, aikinsa ke nan: shi ne wanda jarumi ke shurewa ya tashi sama ya faɗo kan tebur. Ya yi murmushi kawai ya ce, "Barka da aiki, Yaya."

A saman madubi talabijin na ta ihu, kamar kullum. Wani mai farar riga da aka kashe wa malami yana ratsa ƙarti cikin ruwan sama, yana karya su ɗaya bayan ɗaya, ko gashinsa bai motsa ba. Auta ta tsani finafinan nan kamar me. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne masu kallon: ƙattin banza, baki buɗe, kowa na jin shi ne mai farar rigar. Yaya ne shugabansu. Mutumin da in ya hau bene sai ya huta a tsakiya, shi ne ke kwana yana rama wa malamin da bai taɓa yi ba.

"Kalli namiji!" Yaya ya nuna allon da mataji. "An taɓa nasa, bai kai ƙara ba, bai yi kuka ba. Ya gyara wuyan riga ya je ya rama. Irin wannan nake so ya riƙe min ƙanwa!"

Wani direba da ke kan benci ya ce, "Kai mai aski, rage cika baki. Ba kai ɓera ya kora daga shagon nan ba?"

Dariyar wannan karon ta fi ta farko, kuma a kan Yaya ta sauka. Auta ta ga wuyansa ya kumbura. Ta san shi sarai, in aka kunyata shi a gaban mutane, a kan na kusa yake hucewa.

"Ni? Ni kuke wa dariya? Kai Sha-Duka, matso!"

"Yaya, don Allah..."

Ina! Ya riga ya ɗaga ƙafa, wai irin ta mai farar riga. Ƙafar ko gwiwar saurayin ba ta kai ba, tumbi ya rinjaye shi, yana shirin zubewa a gaban kowa.

Sai saurayin ya yi wata ƙara, ya tashi sama kamar an ciro shi, ya wuntsila ta kan benci, ya faɗi tim a kan siminti.

Can kuma ihu ya ɓarke.

"Kai! Mai aski! Ashe haka kake?"

Auta tana kusa, ta gani da idonta: akwai taƙi guda tsakanin ƙafar da jikinsa. Yaya ma ya sani. Ya tsaya riƙe da kujera, yana kallon ƙafarsa, yana kallon mutumin da ke kwance. Kunya ta kama shi, irin wadda Auta ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

Ya sunkuya ya ɗago shi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka... ka zo gida gobe. Ka gaida Mama."

"Na gode, Yaya."

Sai da ita da saurayin suka sha kwana Auta ta fashe.

"Me ya sa? Ka mai da kanka abin dariya saboda waɗancan sakarkarun!"

"Da shi ya faɗi, masoyiya, da har abada bai yafe min ba."

A nan ta lura da hannun rigarsa ya jiƙe. Ta naɗe shi, ta ga gwiwar hannun ta dare, jini na bin yatsunsa.

"Wayyo Allah! Ka ce min ba kwa jin ciwo!"

"A wurin aiki katifa ake shimfiɗa mana," ya ce yana cije leɓe. "Yayanki bai tanada ba."

Ta ɗaure masa hannun da hankicinta, tana kuka tana yi masa faɗa, tana kiransa wawa, tana kiransa nata. Daga can bayansu suna jiyo muryar Yaya ta dawo daidai, yana bayyana wa direba cewa sai da ya juya sau biyu a iska kafin ya saki ƙafar.