Reshe Ɗaya a Mangwaron Malam Maiwada

Lantana na tankaɗen garin masara a tsakar gida, Inna Mairo na zaune gefenta tana tsinke zogale, sai ga Malam Maiwada ya faɗo gidan ba ko sallama, adda a hannunsa.

"Mairo, ina 'yarki?"

Inna Mairo ta dube shi. Ta san in ya ce "'yarki" ba "'yata" ba, to akwai magana.

"Ga ta nan gabanka, Malam. Lafiya?"

"Ku biyo ni."

Malam Maiwada dattijo ne a majami'ar ƙauyensu, can gefen Paki. Kirista da Musulmin garin duk sun san halinsa. Abin da ke rubuce a Littafi Mai Tsarki, yadda yake a rubuce haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. A wurinsa rana ce ke fitowa ta faɗi, sama rufi ce da aka shimfiɗa da ruwa a bisanta, kuma cikin kwana shida aka gama komai. In ka ce masa duniya ce ke juyawa, sai ya tambaye ka ko ka taɓa tashi da safe ka tarar ƙofar ɗakinka ta koma yamma. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma in ya kafe a kan magana sai dai a bar shi.

Ya kai su bayan gida, gindin tsohon mangwaron da mahaifinsa ya shuka. Ya nuna wani reshe na ƙasa da bakin addar. An datse kan ƙananan rassa uku, an tsaga su, an cusa wasu 'yan tsirai a ciki, an naɗe da farar leda tsaf.

"Aikin wane ne wannan?"

Lantana ta matsa ta duba. Ta san hannun. Habila ne, saurayin da aka sa musu rana bayan kaka. Ya karanta aikin gona a Zariya, yana aiki a wani lambun renon itatuwa a Makarfi. Jiya ya zo da abokansa suka yi wa Malam noman suruki kamar yadda aka saba. Da suka zauna cin abinci a inuwar nan, ya ji Inna na cewa 'ya'yan itacen ba komai sai zare da ƙwallo. Shi kuma da son a yabe shi, ya ciro wuƙa da tsiran babban mangwaro daga jakarsa, ya yi abin da ya iya bai tambayi kowa ba.

"Baba, kyauta ya so ya yi maka," in ji Lantana a hankali.

"Kyauta? Ya gyara wa Ubangiji aikinsa, ki ce mini kyauta? Kira mini shi."

Kafin la'asar Habila ya iso a kan mashin. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe da Malam ya gaishe da Inna, ya tambayi gajiyar jiya. Malam ya amsa a taƙaice.

"Habila, a rana ta uku wa ya fito da itatuwa daga ƙasa?"

"Ubangiji, Baba."

"Ya cakuɗa su ne, ko kowanne ya ware shi da irinsa?"

"Ya ware su."

"To kai wane ne da za ka ɗauko wannan ka cusa cikin wancan? Yau itace ne. Gobe in na ba ka 'yata, me za ka koya wa jikokina? Cewa abin da Allah ya gama bai gamu ba sai ɗan boko ya sa hannu?"

Habila yana da amsa cike da baki, irin wadda aka koya masa a aji. Ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan Lantana da ke tsaye bakin ƙofar madafi tana girgiza masa kai, sai ya haɗiye ta.

"Baba, na yi laifi da na taɓa itacenka ban nemi izini ba. Ka yafe mini. Amma ban yi da niyyar raina halittar Allah ba."

"Niyya a cikinka take, ni aiki na gani. Maganar aure na ajiye ta."

Malam ya miƙe da addar ya nufi bayan gida zai sare reshen. Lantana ta sha gabansa, ta zube a ƙasa, hawaye na zuba.

"Baba, ka ji ni sau ɗaya. Kai ka koya mini cewa ba abin da ke tsayawa in Ubangiji bai yarda ba. In abin nan saɓa wa umarninsa ne, ai ba sai ka sa adda ba, da kansa zai bushe. Ka bar mai itacen ya yanke hukunci."

Malam ya tsaya. Da wani ne ya faɗa da bai saurara ba, amma maganarsa ce aka maido masa, kuma bai saba ƙaryata kansa ba.

"Na ji. Ba zan sare ba. In ya bushe, magana ta mutu. In ya haifi wani abin da ba a san shi ba, magana ta mutu. In ya yi ɗa na gan shi da idona, sai mu sake zama. Kafin nan ba zance, ba zuwa ƙofar gidana."

Habila ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai a wurin ya san cewa irin wannan reshe ba ya yin ɗa a shekarar farko.

Kafin damina ta ƙare, tsiro biyu suka yi baƙi suka bushe. Ɗaya ne ya rage, ya fitar da jajayen ganye 'yan ƙanana. Kowace safiya Lantana na fakewa da zubar da shara ta je ta dube shi. Kaka ta zo ta wuce, ranar da aka sa ta wuce shiru. Ƙawayenta biyu aka yi bikinsu, ta je ta taya su girki, ta yi dariya inda ake dariya, ta dawo gida ta yi kukanta a ɗaki. Da rani tsohon itacen ya cika da fure, reshen Habila ko ɗaya.

Malam ya hana zuwa, amma bai ambaci waya ba, Inna Mairo kuma ba ta tuna masa ba. Wata ranar kasuwar Ikara Habila ya kira, muryarsa ba daɗi.

"Lanti, na gaji. Mama ta tasa ni gaba, wai 'yan mata sun ƙare ne da zan zauna ina jiran itace? Abokaina har suna suka sa mini, wai angon mangwaro."

"To me ka ce mata?"

"Na ce ta ƙara haƙuri. Amma ki ji, akwai hanya. Mu je ofishin rajistar aure a Zariya mu sa hannu, shi ke nan. In an gama dole Baba ya haƙura."



"Habila, ina sonka, ka sani. Amma abin da ya kawo mu nan shi ne ka yi abu a bayan idon Baba don kana ganin alheri ne. Yanzu kuma so kake mu maimaita, da ni a ciki?"



"Sori," in ji Habila. "Kin fi ni gaskiya. Zan jira."

"In ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa mini da bakinka. Ba zan riƙe ka ba."

"Na ce zan jira."

Kuma ya jira. Da damina ta dawo ya tara abokansa suka nome gonar Malam tas, ya hau mashin ya koma ko ruwan gidan bai sha ba, tunda an ce kada ya zo ƙofa. Malam ya je ya ga gonar, ya dawo gida. Inna Mairo dai ta lura a ranar bai cinye tuwonsa ba.

"Malam, yarinyar nan tana ramewa," ta ce masa.

"Ina da ido, Mairo."

"To ido kawai?"

"Na riga na faɗi magana gaban Allah. So kike in tashe ta?"

A rani na biyu reshen ya yi fure. Furen ya zube, ya bar 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, su ma suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har saura guda. Wannan gudan ya riƙe. Ya yi ta girma har ya ninka 'yan uwansa na sauran rassan, ya ja reshen ƙasa, kowa ya wuce ta bayan gidan sai ya gan shi.

Nan wata sabuwar damuwa ta taso. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da yaran unguwa ke yi wa mangwaro tun yana ɗanye. Wata rana da azahar Lantana ta ji ƙarar dutse a kan kwanon ɗaki, ta yar da muciya ta ruga bayan gida.

Abin da ta gani ya tsayar da ita. Yaran sun watse da gudu. Malam Maiwada na zaune a kujerarsa ta katako daidai ƙarƙashin reshen, sanda a gefe, Littafi a cinya. An kafa wata gwafa an tallafe reshen don kada nauyi ya karya shi, an ɗaure da tsumman da ta gane sarai, bakin tsohuwar rigarsa ne.

"Baba, kai ne ka...?"

"Me kike kallo?" ya ce bai ɗago ba. "Na ce Ubangiji ne zai yanke hukunci, ban ce 'ya'yan unguwa ba. Koma ki duba tukunyarki."

Ta koma tana share ido da bakin zane, wannan karon ba don baƙin ciki ba. Tun daga ranar Malam ya mai da gindin itacen wurin zamansa. Ko zaman dattawan majami'a aka kira, sai ya sa Inna Mairo ta zauna masa gadi har ya dawo.

Ranar da mangwaron ya nuna, Malam da kansa ya ce a kira Habila. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar. Ya tsinko babban, ya tsinko ɗaya daga tsofaffin rassan, ya ajiye su gefe da gefe. Ya yanka babban ya ɗanɗana, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya fere shi har ƙwallo, ya ɗaga ƙwallon yana juya shi a hannu. 

"Mangwaro ne," in ji shi. "Ƙwallonsa a cikinsa, kamar kowane mangwaro tun ranar da aka yi shi. Wannan reshe ya haifi irinsa, wancan ya haifi nasa, alhali saiwa ɗaya ke shayar da su. Ba wanda ya zama wani." Ya dubi Habila. "Na ji tsoron ka ɓata aikin Ubangiji. Ashe ni ne na raina aikin, da na zaci wuƙar ɗan Adam za ta iya ɓata shi."

"Baba, ni dai laifina yana nan. Na taɓa abin da ba nawa ba."

"Yana nan, kuma ka biya. Ka nome gonar mutumin da ya kore ka, ba ka ɗauke mini 'ya ta bayan gida ba." Habila ya saci kallon Lantana, ita kuwa ta kafa ido a tabarma. "Ba na jin mun yarda a kan ko duniya na juyawa," Malam ya ci gaba, "kuma ba na jin za mu yarda. Amma wanda ya iya jiran itace zai iya zama da mutum."

Ya raba sauran mangwaron, ya miƙa wa Inna Mairo, ya miƙa wa Habila. Yanki na ƙarshe ya riƙe shi kaɗan kafin ya ba Lantana.

"'Yata, na tsayar da ke damina biyu. Ki yafe wa babanki."

Lantana ta karɓa da hannu biyu tana kuka.

An ɗaura auren bayan kaka, majami'a ta cika har waje, maƙwabta Musulmi suka zo cin abinci da taya murna. Darasin kuwa a fili yake. Da Habila ya tsaya gardamar ilimi, ko Lantana ta bi shi Zariya, da sun sami aure sun rasa uba. Sun yi haƙuri, sun girmama na gaba ko a inda suke ganin bai fahimta ba, sai suka sami duka biyun. Iyaye kuma su tuna cewa tsoron Allah ba ya hana a duba abu da ido kafin a sa masa adda.

Da damina ta sake zagayowa, Malam Maiwada ya aika wa surukinsa saƙo ta bakin Lantana: in ya sami sarari ya zo da wuƙar nan tasa, akwai sauran rassa.