Abin da Anisa Ta Manta a Kwandon Shara

"Ke! Gyara muna abin ga ki kama gabanki, ba gaisuwa tak kawo ki ba!"

Anisa ce a ƙofar falon Dada, hannu a ƙugu, tana yi mini kallon banza.

Wata tara rabona da gidan nan, tun ranar da wata baƙuwar lamba ta turo wa Dada hotona ina cikin motar wani ƙato da ban taɓa gani ba, kaina a kafaɗarsa. Na rantse, na yi kuka, babu wanda ya saurare ni. Dada ta ce ɗanta Mu'awiya ba zai auri 'yar yawo ba. Shi kuwa, mai kirana sanyin idonsa, bai kare ni ba. Babana har zaman ƙofar gida ya daina don kunya.

Yanzu saura mako uku Mu'awiya ya auri Anisa, ɗiyar ƙanen Dada da ta zo karatu daga Sanyinna ta zauna a gidan.

Dole ce ta sa suka neme ni. Kwamfutarsu ce ta ƙi aiki. Ta marigayi Malam ce, mijin Dada, ita kuwa Dada ta hana a fitar da ita. Namiji kuma ba ya shiga gidan in Mu'awiya yana wurin aikinsa a Kebbe. Duk unguwarmu ta Tambuwal ni kaɗai ce macen da ta iya gyara, ga katin bikin a cikinta ya ƙi buɗewa.

"Hafiza, mi yas same ta?" Dada ta tambaya ba tare da ta kalle ni ba.

"Nauyi ne yay yi mata yawa, Dada."

Na kunna. Sai da Dada ta zagaye carbinta sau biyu kafin ta tashi! Manhajoji sha fuɗu ke farkawa tare da ita, na kashe goma sha ɗaya. Na cire waɗanda ba a amfani da su. Ma'ajiyarta ta cika taf da finafinan Anisa, ko wurin numfashi babu. Daga nan na buɗe kwandon shara, inda duk abin da aka goge ke taruwa ya ci gaba da cin wuri har sai an zubar.

Fiye da shekara ba a taɓa zubar da shi ba.

Ina gangarawa ƙasa... sai na ci karo da fuskata.

Hotona ne na ranar wata walima, Anisa na gefena. Kusa da shi hoton ƙaton nan da wata mace daban a mota. Sai gwaji na ɗaya na ɗora kaina a jikin matar, ya fito a karkace. Gwaji na biyu. Na uku shi ne wanda ya sa aka fasa aurena.

Wayyo Allah, zuciyata! Ban ji hawaye ba, wuta na ji. Na so in shaƙe ta nan take, amma na tuna yau Alhamis. Bayan la'asar Mu'awiya ke dawowa.

Na rufe kwandon a hankali.

"Har yanzu ba ki ƙare ba?" Anisa ta yi tsaki.

"Ƙura tat toshe fankarta, amarya. In tay yi zafi dole ta yi sanyin jiki. Nika share ta."

Na kwance murfin. Aikin minti goma na ja shi awa biyu, ina bin kowane fiffike da ɗan buroshi kamar mai yi wa jaririya wanka. Na ƙara mata ram, ɗan ƙarfen da ke ƙara wa kwamfuta sauri. Na yi salla, na dawo, na sake sharewa.

Sai ga ƙarar mashin ɗinsa.

Ya yi sallama, ya gan ni, ya tsaya cak. Ya rame. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan, kuma zuciyata mara kunya ta buga.

"Hafiza..."

"Sannu da hanya, Yaya Mu'awiya. Dada, ku matso. Ƙa'idata ce, ba ni zubar da shara sai masu ita sun gani da idonsu."

"Zubar kawai, tarkace na!" Anisa ta ce.

"A'a. Ku dai duba."

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, manya-manya, da kwanan watan kowanne. Kwamfutar da ɗazu take rarrafe yanzu ko ƙiftawa ba ta yi.

"Innalillahi!" Carbin Dada ya faɗi. "Anisa, mi ne ne wanga?"

"Wallahi na goge su! Tun ranar nig goge..."

Ta toshe bakinta da hannu.

Na zauna ina kallonta tana kuka, irin kukan da na yi a kan tabarmar nan wata tara da suka wuce.

Mu'awiya ya durƙusa a gabana, idonsa jawur.

"Sanyin idona, ki yahe min..."

"Kak ka ƙara kirana da sunan ga! Kwamfuta ma sai tay yi tunani kafin ta buɗe abu. Kai ko minti guda ba ka yi ba kay yarda."

"Mi kika so in yi?"

"Ba ni aka fara ba haƙuri ba. Babana na can cikin ɗaki."

Na ɗauki jakata na fita.

Washegari Anisa ta koma Sanyinna. Bayan sallar Juma'a, Mu'awiya da kawunsa Rufa'i suka tsaya a ƙofar gidanmu, gaban dattawan unguwa, suka wanke ni tas. Dada ta shigo wurin Innata tana kuka. Da yamma Baba ya sa aka fitar masa da tabarma waje.

Shi kuwa gogan, wata fuɗu na bar shi yana zarya tsakanin Kebbe da Tambuwal. Wata rana in fito, wata rana in ce barci nake. Sai da na tabbatar ya ɗanɗana, sannan na ce to. Ina son sa, mi zan yi?

Ranar da za a kai katin biki wurin bugawa, Dada ta ce in zo in tsara mana sabo.

"Ba sai an wahala ba, Dada. Akwai wani."

Na buɗe katin Anisa, mai furanni ruwan zinare, wanda ta yi mako biyu tana ƙawatawa. Na canza kwanan wata. Na goge sunanta, na rubuta Hafiza.

Sannan na zubar da kwandon shara.