Kujeru Biyu a Uwar Ɗaka

Amarya tana durƙushe a uwar ɗaka da tef ɗin awo a hannu, tana auna tsakanin taga da sif ɗin kaya, sai ga Auta ya dawo daga makarantar da yake koyarwa. Shekara uku da aurensu, amma a bakin dangi har yau ita ce Amarya, shi kuma Auta, duk da gemun da ya tara.

"Tela uwar awo, yau kuma bango za a ɗinka wa riga?" ya tambaya.

"Kujeru biyu za su shiga nan, da ɗan tebur," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Filis, janye mini akwatin can."

Bari in gaya muku abin da ya kawo awon nan. Wata takwas da suka wuce mahaifin Auta ya rasu, suka ɗauko mahaifiyarsa, Mama, ta dawo wurinsu. Amarya ce ma ta kawo shawarar, kuma ba ta taɓa yin da-na-sani ba, don Mama mace ce mai sauƙin kai. Sati biyu da rasuwar, cikin wata uku da Amarya ke ɗauke da shi ya zube. Suka ɓoye wa kowa, don kada su ƙara wa tsohuwa baƙin ciki a kan baƙin ciki. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da falo, falon ya zama na Mama da masu zuwa gaishe ta, wani ya tafi wani ya zo. A gaban Mama daga "sannu da zuwa" sai "yauwa, sannu da gida." In sun shiga ciki gado ne kawai da gajiya, kowa ya juya baya da maganarsa a cikinsa. Wata takwas ba su taɓa zama sun yi zancen abin da suka rasa ba.

Cikin kwana goma kusurwar ta tashi. Kujerun na hannu ne, tsofaffi, kafinta ya ɗaure musu ƙafa ya shafa musu fenti. Amarya ta ɗinka musu riguna masu ruwan ƙasa da ƙananan filo biyu, ta cire labulen nan mai nauyi ta sa mai shara-shara don hasken yamma ya riƙa shigowa. Ta shimfiɗa ɗan kafet mai laushi, ta ɗora fulas da kofi biyu a tebur, ta karkata kujerun suna ɗan fuskantar juna. Doka ɗaya ta kafa—waya ba ta zuwa wurin.

Ranar farko da suka zauna, shayin bai huce ba rigima ta tashi.

"Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni yadda nake ji ba," ta ce. "Ka kai ni asibiti, ka dawo da ni, ka koma falo karɓar gaisuwa."

"Tsoro nake ji," ya ce. "Gani nake in na buɗe baki ba zan iya tsayawa ba. Uba ya tafi, ɗa ya tafi, ni kuma kowa cewa yake in daure."

Sai ga namiji guda ya kifa kai a hannun kujera yana kuka kamar yaro. Ta matso ta riƙe shi, ita ma nata ya ɓalle. Da suka natsa ya ce, "Sori, na bar ki ke kaɗai." Tun daga ranar kullum da yamma sai sun yi rabin awa a wurin. Wata rana dariya, wata rana cacar baki a kan takalmansa da yake watsarwa a bakin ƙofa, amma ba sa tashi sai an shirya.

Ana haka Yaya ta zo, babbar yayar Auta, mace mai son ƙannenta amma bakinta ba linzami. Ta leƙa uwar ɗaka neman almakashi, ta dawo falo tana tafa hannu.

"Mama, kina nan kina fama da rimot, ashe an buɗe wani falon a ciki. Kujeru biyu cif, ba uku ba. Ai ko makaho ya san an gaji da ke."

Mama ta tashi ta shige ɗakinta. Washegari ba ta fito falo ba, abinci ma cokali biyu ta yi. Kwana na uku Auta ya tarar da jakarta a ɗaure a bakin gado, ta ce masa gidan Yaya za ta koma, ba ta son ta zame wa kowa kaya.

Ya shigo uwar ɗaka fuska a murtuke ya kama kujera ɗaya.

"Fitar da su zan yi. Ba zan rasa uwata a kan katako ba."

"In ka fitar da su, shirun nan za mu koma," Amarya ta ce. "Ni kuma wallahi ba zan iya wani wata takwas ɗin ba. Ajiye, ka ba ni minti goma."

Ta shafa wa idonta toka ta nufi ɗakin Mama, ta durƙusa.

"Mama, alfarma nake roƙo. Kafin ki tafi ki zo ki ga wurin da idonki."

Mama ba ta taɓa taka ɗakin nasu ba. Ta miƙe a hankali ta biyo ta. Amarya ta zaunar da ita a kujerar da ke jikin taga, ita ta zauna a kafet, Auta yana tsaye a ƙofa ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Gaskiyar Yaya, don mu keɓe muka yi shi," Amarya ta ce. "Amma ba gajiya muka yi da ke ba. Kunyarki muke ji, ba ma iya faɗa a gabanki, ba ma iya kuka a gabanki, har muka kusa zama baƙin juna." Sannan ta gaya mata zancen cikin, tun daga farko har ƙarshe.

Mama ta daɗe tana kallon labule, hawaye na bin kuncinta.

"Ashe jikana ya tafi ina zaune a falo ina karɓar gaisuwar wani, ke kina kawo mini ruwa kina murmushi." Ta dafa kan Amarya. "'Yar nan, kin cuci kanki don ki tausaya mini. Ni ma na binne biyu kafin Auta. Gidanmu cike yake da mutane, ni da babanku ba mu taɓa samun inda za mu zauna mu biyu mu yi kukansu ba. Kullum cewa nake sai an samu sarari, har ya tafi ban gaya masa ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma kujerun za ka fitar? Je ka kwance mini jakata, sakarai."

Auta ya fita yana dariya yana share ido. Amarya ta kifa kanta a gwiwar Mama, "na gode" kawai take ta maimaitawa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haƙuri da dangi abu ne mai kyau, amma haƙurin da ya hana miji da mata buɗe wa juna ciki yana rushe gida ba a ji ƙararsa ba, kuma sau da yawa babban da ake ɓoye wa gaskiya shi ya fi kowa iya ɗaukarta.

Sati na zagayowa Yaya ta sake zuwa da yamma. Ta gaida Mama a tsaitsaye ta nufi uwar ɗaka tana kiran Auta.

"Dawo ki zauna nan," Mama ta ce, idonta na kan talabijin. "Suna ciki."

"Haba Mama, ni ce fa."

"Na gan ki. Ni da na haife shi ma jira nake."