Tukunya Ta Huɗu

"Malam, wai gidan abinci za ka buɗe ne?"

Auta ba ta san lokacin da tambayar ta kuɓuce mata ba. Sau uku cikin wata guda dogon mutumin nan yana shigowa shagon kayan kicin na Yayanta, inda take tsare kanta, kuma kowane zuwa da tukunya yake fita. Mai murfin gilashi, mai kaurin gindi, har da wadda abinci ba ya kamawa. Yau ma ga shi, yana ƙwanƙwasa wata da yatsa kamar mai zaɓen kankana.

Ya juyo, fuska ba walwala. "Laifi ne?"

"A'a, yi haƙuri... Gani na yi ko amarya ba ta kai ka tara tukwane ba."

Dariya ta ƙwace masa, amma ba ta jima ba. Ya ce shi malamin lissafi ne. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyarsa, yayyensa mata duk suna aure a nesa, gidan ya rage daga shi sai Baba.

"Shinkafa kawai yake so. Na dafa, ya yi cokali biyu, ya ture farantin ya ce, 'Ba haka take yi ba.' Shinkafar ita ce, man shi ne, gishirin ma aunawa nake. Likita ya ce in ya ƙara ramewa, kwantar da shi za a yi."

Tausayi ya kama Auta, son sani kuma ya fi shi ƙarfi. Ta jingina da kanta.

"Ina tukunyar Mama?"

"An bayar da ita cikin kayanta."

"Yaya take?"

"Wata tsohuwa ce, marar nauyi, duk ta lotse. Gindinta baƙi ƙirin."

"In Mama ta sauke girki, wa take fara zuba wa?"

"Mu yara. Sai ta ɗauki tukunyar ta je wurin Baba..." Ya ƙura wa rufi ido. "Daga ɗakinmu muna jin ƙarar cokali, ƙar-ƙar-ƙar..."

"Ƙanzo!" Auta ta buga kanta har ludaya suka yi ƙara. "Malam, ƙanzo Baba yake nema, kai kuma ka je ka sayi tukunyar da ba ta kamawa!"

Ta durƙusa ta zaro wata sirirar tukunyar dalma daga can ƙasa, inda ba mai dubawa. Ta goge ta da gefen mayafinta.

"In ruwa ya tsotse, rage wuta. Zagaya gefe da ɗan mai, ka bar ta har ka ji tana ƙas-ƙas. Kuma kada ka juye a faranti. Kai masa tukunyar gaba ɗaya."

Ya karɓi lambar wayarta, wai ko zai manta wani abu.

Ranar farko ya kira yana tari, hayaƙi ya cika kicin. Rana ta biyu ƙasan ya fito fari fat. Rana ta uku da azahar, da ta ɗaga wayar, numfashinsa kawai take ji.

"Malam? Lafiya?"

"Ya cinye... Auta, ya cinye tas! Yana kankara yana kuka."

Ita ma sai da ta shige bayan tarin kwanuka ta share nata hawayen.

Daga nan kiran bai tsaya ba. Yau tambayar kaskon suya, gobe yadda ake yanka albasa ba hawaye, jibi kuma babu tambayar komai. Har ranar da ya zo shagon, ya tsaya yana juya murfin tukunya a hannu.

"Sanyin idona, ina son ki, amma ba zan ɓoye miki ba. Ba zan bar Baba shi kaɗai ba. Duk wadda ta aure ni, a gidan nan za ta zauna. Wata ta taɓa fasawa a kan haka."

Da Yaya ya ji, tsalle ya yi.

"Ƙuruciyarki za ki ƙarar a jinyar tsoho? Ni na riƙe ki tun rasuwar Abba, ban yarda ba!"

"Yaya, don Allah mu je ka gan shi da idonka. In ka ce a'a bayan nan, na haƙura."

Suka je ranar Asabar. Baba na zaune a tabarma, siririn dattijo mai farin gemu. Bayan gaisuwa ya dubi Auta.

"Ke ce 'yar da ta gano ni?"

Ta sunkuyar da kai.

"To bari in faɗa miki abin da ko ɗan nan bai sani ba. Ni fa da can ba na son ƙanzo."

Malamin ya zaro ido. "Baba!"

"Wallahi. Girkinta na farko a gidana, shinkafar ta kama. Na tarar da ita a kicin tana kuka. Sai na ja tukunyar na ce ai ni duk duniya ba abin da nake so kamar wannan. Shi ke nan fa... shekara arba'in da ɗaya tana yi mini shi da gangan." Ya yi murmushi, idonsa ya cika. "Ban taɓa faɗa mata ba. Ban ma san ranar da ƙaryar ta zama gaskiya ba."



A hanyar komawa Yaya na tuƙi. Auta sai satar kallonsa take. Sai da suka tsaya a danja ya ja hanci, ya murza ido da bayan hannu.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Yaron da wannan tsohon ya rena ba zai sa ki kuka ba. Ki ce masa na amince."