Hoton da Ruwa Bai Ci Ba

"Dada ta ce ba za ta ba mai kyasbi jikarta ba."

Lukuman ne ya faɗa yana ƙunshe dariya, ya miƙa wa Asta hoton.

Wayyo 'yan matana, da kun ga yadda saurayinta Sharafaddeen ya koma a hoton nan! Kyakkyawar fuskar nan ta yi dabbare-dabbaren kore da shuɗi, ido ɗaya ya zubo har kunci.

Bari in gaya muku mafarin abin. Asta marainiya ce, kakarta Dada ta raine ta a ruga can bayan Barikin Ladi, kafin karatu ya kawo ta gidan gwaggonta a Nasarawa Gwom. Sharafaddeen kuwa dillalin dankali ne a Farin Gada. Ciwon ƙafa ya hana Dada tafiya, ta ce kafin manyansa su taka mata gida sai ta ga hotonsa. Lukuman ɗan baffan Asta, wanda ya daɗe yana sonta bai samu fuska ba, shi ya ce zai kai.

"Ruwa ya dake ni a kan mashin," in ji shi.

"Ka gaya mata ruwa ne, Yaya Lukuman?"

"Ba ta tambaye ni ba."

Da Sharafaddeen ya zo zance, hoton ta miƙa masa, idonta taf da hawaye.

"Wannan ai kabeji ne, ba ni ba."

"Dariya ma kake... Dada in ta ce a'a, ta gama."

"Haba zinariyata. Asalin yana nan cikin kyamarar abokina. Share hawayenki."

Washegari suka fara da shagon kwamfutar Linus, inda aka buga na farko.

"Oga, firinta tawada yake fesawa bisa takarda," in ji Linus. "Yana sauri, yana kyau. Amma shi da ruwa, ba gaisuwa."

Asta ta ce duk da haka ya sake buga mata ɗaya.

A kasuwar Taminus suka sami mai hoto da ɗan inji kamar burodi, nan take ya tofo hoto mai santsi, sai dai bai wuce tafin hannu ba. Daga nan sai shagon Baba Badung a Anguwan Rukuba, wanda ke kai nasa hotunan wurin babban injin da ke wanki da magani, irin na zamanin fim.

"Sai gobe, 'yata. Amma jikokinki za su gan shi."

Da hotunan suka haɗu uku, ta jera su a dakali ta ɗauko buta. Na Linus ya fara kuka tun kafin ruwan ya gama sauka. Ƙaramin bai yi komai ba.

"Shi ke nan, ga shi," in ji Sharafaddeen.

"Idon Dada ba zai gan ka a nan ba, masoyi."

Ta zuba wa babban. Ruwan ya gangare, ya bar shi yana murmushinsa.

Wannan karon ba ta aiki kowa ba. Sharafaddeen ya kai ta a a-kori-kura, ya tsaya nesa da gida don kunya, ga hadari ya haɗo. A gaban Dada, Lukuman na zaune, Asta ta ajiye babban hoton da wani sabo na tawada, ta ce wannan wankin Baba Badung ne, ta watsa musu ruwa. Na tawadar ya dame nan take, babban ko gezau.

Dada ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta dubi Lukuman, har ya tuna bai ba maruƙa ruwa ba, ya fice.

"Kunnuwansa sun yi yawa," ta ce. "Yana ina?"

"Yana waje, Dada... ruwa na dukansa."

"Shigo da shi."

Ya shigo sharkaf, ya durƙusa yana rawar ɗari. Tsohuwa ta miƙa hannu ta murza kuncinsa da babban yatsa, ta murza da kyau, sannan ta kai yatsan kusa da ido ta duba.

"To angona, kai dai wankin Baba Badung ne. Ka ce manyanka su zo."

Bayan sallah aka ɗaura aure. Hoton kuwa yana nan cikin jeren kwanukan Dada, har yau bai koɗe ba.